Yadda Ake Girka Na'urar Sauraro ta Hannu a Cikin Mota

Na'urar sauraro ta hannu ita ce duk ƙaramar na'urar da ke ɗauke da sauti a cikinta, mutum ya jefa ta aljihu ya tafi: iPod, 'yar MP3 mai cin memori, filash, ko wayar salula wadda a yau ta haɗiye aikinsu duka. Girka ta a mota na nufin a buɗe wa sautinta hanya zuwa lasifikokin motar, a ja mata wuta daga batir, a kuma yi mata mazauni tabbatacce, yadda direba zai saurari karatu ko wa'azi ko waƙa ba tare da igiyoyi suna reto a kan giya ba. Aiki uku ke nan a dunƙule, sauti da wuta da mazauni, kuma wutar da aka fi rainawa ita ce ta fi ɓata aiki.

Sana'ar ta taso ne daga bambancin tsawon rai tsakanin mota da na'ura. Mota takan shekara 20 a kan titi, ta fita wannan hannu ta shiga wancan, amma na'urar sauraro ba ta daɗewa masu ƙera ta ba su sauya mata baki ba. Kamfanin Apple ya fito da iPod a watan Oktoban 2001. A 2003 ya yi mata faffaɗan baki mai haƙora 30, a 2004 kuma kamfanin BMW ya fara sayar da mahaɗin da ke fito da igiyar iPod cikin akwatin gaban fasinja, direba yana sarrafa ta da maɓallan sitiyari. Sauran masu ƙera kayan mota suka bi sahu. Da yawa daga cikin waɗannan kayan na farko suna cajin iPod ne da wuta mai bolt 12 ta haƙoran FireWire, sai a 2008 Apple ya daina karɓar caji ta wannan hanya a yawancin sababbin na'urorinsa, aka wayi gari motoci suna fitar da sauti amma ba sa caji. A 2012 aka maye faffaɗan bakin da ƙarami mai suna Lightning, a 2016 iPhone 7 ta fito babu ramin iyafis, a 2022 aka daina ƙera iPod ɗungurungum, a 2023 kuma iPhone ta koma bakin USB-C. Motocin da aka huda wa dashbod saboda iPod a 2005 suna nan suna yawo da ramin da ba abin da zai shige shi.

Ƙa'idar da ta kamata a gina aikin a kanta ta fito fili daga wannan tarihi. Duk abin da za a binne a bayan dashbod ya zama na gama-gari, wato ramin sauti mai faɗin milimita 3.5, ramin USB, ko Bluetooth. Duk abin da ya keɓanta da wata na'ura guda, kamar igiyarta ko maƙalinta, ya tsaya a waje inda za a cire shi da hannu ranar da aka sauya na'urar. Ƙa'ida ta biyu ita ce kada a yanka wayarin ɗin motar na asali matuƙar akwai wata hanya, kuma kusan kullum akwai.

Duba rediyo kafin a sayi komai

Rediyon motar shi ne ke yanke hukuncin hanyar da za a bi. Idan akwai rami ko maɓalli mai rubutun AUX, rabin aiki ya ƙare, kuma ana samun wannan a motoci da yawa daga wajajen 2007 zuwa sama, wani lokaci a ɓoye cikin akwatin da ke tsakanin kujerun gaba. Idan babu, sai a duba ko rediyon na da maɓallin DISC ko CDC, domin wannan alama ce cewa a bayansa akwai bakin da aka tanada don injin sauya faifan CD. Wannan baki dukiya ce a ɓoye, kuma za a dawo kansa.

Sai girman ramin rediyon. Ma'aunin duniya, wanda ake kira DIN, faɗin milimita 180 ne da tsayin milimita 50, mai ninki biyu kuma tsayinsa milimita 100. Motar da ke da irin wannan rami, kamar Golf 3, tana karɓar kowane rediyon kasuwa mai girman ramin nata. Wasu motocin kuwa an ƙera rediyonsu a jiki ɗaya da maɓallan iyakwandishan, misali Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda farkon samfurinta aka fi sani da EOD a Najeriya. A irin wannan, cire rediyo jan aiki ne mai tsada, gara a shiga ta bayansa.

Asalin motar ma yana da tasiri. Rediyon da aka ƙera don kasuwar Amurka yana kama tashoshin FM masu ƙarewa da lambar mara ne kawai, kamar 88.1 da 88.3 da 88.5. Wanda aka ƙera don kasuwar cikin gida ta Japan yana farawa daga 76, tsofaffinsu kuma suna tsayawa a 90, alhali zangon FM na sauran duniya daga 87.5 ne zuwa 108. Tun da yawancin motocin da ke kan titunan Najeriya da Nijar na hannu ne da aka shigo da su daga waje, sanin wannan yana hana sayen abin da ba zai yi aiki ba. A kuma tambaya ko rediyon na da lambar sirri. Wasu na Honda da Volkswagen suna kulle kansu da zarar an cire batir, ba su buɗewa sai da lambar. Wanda ya cire batir bai mallaki lambar ba ya jawo wa mai mota asara tun bai fara aiki ba.

Hanyar sauti

Mafi arha ita ce 'yar tashar FM da ake cusawa a ramin kunna taba. Tana karɓar sauti daga memori ko filash ko Bluetooth, ta watsa shi a iska kamar ƙaramin gidan rediyo, eriyar motar ta kama. Ba ta bukatar ko sukudireba. Aibinta shi ne ƙarfinta kaɗan ne ƙwarai, duk tashar gaske da ke kusa da lambar da aka zaɓa za ta danne ta, kuma lambar da ba kowa a kanta a wannan gari tana iya zama ta wani gidan rediyo a gari na gaba. Sautin FM ma yana da iyaka, ba ya ɗaukar siririn amo da ya wuce kilohaz 15. Ta wadatar ga mai sauraron magana, amma ba girki ba ce, maneji ne.

Tana da yaya wadda ta fi ta nesa ba kusa ba, ita ce mai shiga layin eriya. Ana zare igiyar eriya daga bayan rediyo, a soka ta a jikin na'urar, ita kuma na'urar a soka tata igiyar a ramin eriyar. Idan an kunna ta sai ta katse eriyar waje ta tura nata sautin kai tsaye, don haka babu tashar da za ta shigo. Ita ce mafita ga rediyon da ba shi da wani baki a baya.

Motar da ke da kaset mai lafiya tana iya amfani da kaset ɗin dabara mai igiya a gefe. Ba shi da zare a ciki. Wani ɗan kai ne irin wanda rediyon ke karanta kaset da shi yake manne wa kan rediyon ya miƙa masa sautin ta hanyar maganaɗisu, wasu ƙananan haƙoran roba kuma suna juyawa don rediyon ya ɗauka zare na tafiya. Sau da yawa sautinsa ya fi na 'yar tashar FM tsabta. Idan ya dushe, a goge kan rediyon da auduga da ɗan sifirit.

Hanyar da ta fi duka a tsohuwar mota ita ce ta bakin injin sauya faifai. Ana sayar da wani ƙaramin akwati da ke yaudarar rediyon, ya nuna masa kamar an haɗa injin CD, alhali sautin daga filash ko ramin 3.5 ko Bluetooth yake fitowa. Kamfanoni irin su Dension da GROM da Yatour sun yi suna a kansa. Sautin yana shiga kai tsaye ba ta iska ba, maɓallan sitiyari suna ci gaba da aiki, dashbod kuma bai canza kama ba. Sai dai kowane kamfanin mota da nasa bakin, har a kamfani ɗaya ma akan sami iri biyu: Toyota tana da mai haƙora shida sama shida ƙasa, tana da mai biyar da bakwai. Dabara ita ce a zaro rediyon a ɗauki hoton bayansa kafin a je kasuwa. A Accord ɗin da aka ambata ba sai an zaro shi ba ma, idan aka cire aljihun da ke ƙarƙashinsa hannu yana kaiwa ga bakin. Wasu manyan motocin BMW da Mercedes da Audi kuwa da zaren haske suke tura sauti, tsarin da ake kira MOST, kuma nasu akwatin daban ne, mai tsada. Zaren haske ba ya son lanƙwasa mai tsanani, idan ya karye sautin motar gaba ɗaya yana iya ɗaukewa.

Hanya ta ƙarshe ita ce sauya rediyon da sabo mai USB da Bluetooth, ko mai allo wanda ke ɗaukar CarPlay da Android Auto. A nan ne aka fi yi wa motoci ta'adi, a guntule fulogin asali a murɗa wayoyi da hannu. Abin da ya dace shi ne a sayi fulogin haɗi na wannan motar, a yi duk haɗin a kan tebur, sannan a je a soka. Launukan wayoyin rediyon kasuwa sanannu ne. Rawaya ita ce wutar dindindin mai riƙe agogo da tashoshi, ja ita ce wutar makulli, baƙa ta jikin mota ce, shuɗiya ta eriya, shuɗiya mai farin layi ta tayar da amfilifaya, ruwan lemo ta hasken dare. Na lasifika biyu-biyu suke: fari gaba hagu, toka-toka gaba dama, kore baya hagu, shunayya baya dama, kuma mai baƙin layi a kowane biyu ita ce nagetif. Launukan wayoyin motar kanta ba sa bin wannan tsari, don haka ba a haɗa launi da launi a makance. A motocin Volkswagen da Opel da dama gurbin rawaya da na ja a juye suke, shi ya sa sabon rediyo ke mance tashoshinsa duk lokacin da aka kashe mota. Maganin shi ne a musanya su a jikin fulogin haɗin. Motar da ke da amfilifayar kamfani, kamar Toyota mai JBL, tana bukatar nata mahaɗin na musamman, in ba haka ba sabon rediyo zai kama amma ba za a ji komai ba.

Hanyar wuta

Batir mai cikakken caji yana ba da wajen bolt 12.6, idan inji na aiki kuma altaneta tana ɗaga shi zuwa tsakanin 13.5 da 14.7. USB bolt 5 yake so. Saboda haka dole a sa na'urar rage wuta a tsakani, kuma a nan ne bai kamata a yi rowa ba. Mai arha tana zafi, tana zuba ƙara a cikin sauti, kuma ranar da ta ƙone tana iya sakin wutar batir gaba ɗaya cikin wayar salula. A nemi wadda ke ba da aƙalla amfiya 2.4 a kowane rami. Manyan motoci irin su tirela da tifa da bolt 24 suke aiki, sai a tabbatar an rubuta 12 zuwa 24 a jikin na'urar.

Daga wutar makulli ake ja, ba daga ta dindindin ba. Lissafin a fili yake: ɗan akwatin Bluetooth da ke shan miliamfiya 100 dare da rana zai zuƙe kusan amfiya-awa 17 a mako guda, fiye da rubu'in batir mai 60. Motar da ke kwana biyu ba a tashe ta ba, da batirin da ya fara tsufa, wata safiya za ta ƙi tashi. A lura cewa ramin kunna taba na wasu motocin ba ya mutuwa ko an zare makulli. Ma'aunin wuta ne zai faɗi gaskiya: a ɗora baƙin tsinkensa a ƙarfen jikin mota, jan kuma a kan fiyus, a murɗa makulli a mayar, a ga wanne ke kamawa yana ɗaukewa.

Wuri mafi tsabta na ɗibar wuta shi ne akwatin fiyus na cikin mota. Akwai wani ɗan mahaɗi mai gurbin fiyus biyu da 'yar wutsiya. Ana cire fiyus ɗin asali, a soka mahaɗin a gurbinsa, a mayar da na asalin a gurbin ƙasa, a sa sabo a na sama don sabon layi. Ba a yanka komai ba, kuma cikin minti ɗaya za a iya mayar da motar yadda take. Fiyus na ramin kunna taba ko na rediyo ya fi dacewa. Ba a taɓa na jakar iska, ko na birkin ABS, ko na ƙwaƙwalwar inji. Caji mai bolt 5 da amfiya 2.4 wat 12 ne, wato kimanin amfiya 1 a ɓangaren batir, don haka fiyus mai amfiya 3 ko 5 ya isa. Launi yana nuna ƙarfinsa: mai 10 ja ne, mai 15 shuɗi, mai 20 rawaya, mai 30 kore. Aikin fiyus shi ne ya ƙone kafin waya ta ƙone. Al'adar nan ta naɗa zaren waya ko takardar kwalin sigari a gurbinsa ita ce sanadin gobarar motoci da dama, kuma mai wayarin da ya san darajar sana'arsa ba ya yin ta.

Wayar nagetif, wadda ke zuwa jikin mota, tana bukatar kulawa fiye da yadda ake ba ta. A nemi noti da ke ɗaure a ƙarfen jikin motar kansa, a kankare fenti da tsatsa da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, a matse wa wayar zobe a kai, a ɗaure tamau. Idan zai yiwu ta sauka a wurin da ta rediyo ta sauka. Waya ta jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 0.75 ta isa wannan aiki. Akwai ta goran ruwa da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, ana gane ta idan an kankare sai fari ya bayyana, kuma saurin karyewa gare ta. Duk inda waya biyu suka haɗu a yi musu soda ko a matse su da mahaɗin ƙarfe, a rufe da robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi. Murɗawa da hannu a naɗe da baƙin salatif ba ya kai bazara biyu, gam ɗin ya narke, salatif ya warware, tsirarar waya ta taɓa ƙarfe.

Ƙugin da ke bin totur

Koken da aka fi kawowa bayan an gama aiki shi ne wani siririn fito a cikin lasifika. Gane shi ba wuya. A tayar da inji, a tsayar da waƙa, a ƙara murya, a taka totur. Idan fiton ya hau tare da inji ya sauka tare da shi, ƙarar altaneta ce. Sai a zare igiyar caji daga na'urar a bar ta sauti. Idan ya yi tsit, an gano cutar: na'urar tana haɗe da jikin mota ta hanya biyu, ta igiyar caji da ta igiyar sauti, kuma ɗan bambancin wutar da ke tsakanin wuraren biyu yana bi ta igiyar sauti ya fito a matsayin ƙara.

Maganin bi da bi ake yin sa, daga mai sauƙi. A fara mayar da nagetif ɗin caji inda na rediyo yake, a sake kankare wurin. Idan bai tafi ba a gwada wata cajar mai kyau. Idan har yanzu yana nan, sai a sa ɗan akwatin raba layi a kan igiyar sauti. A cikinsa akwai ƙananan tiransifoma biyu masu wuce da sauti ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba. Marasa inganci suna rage kaurin ganga, don haka a saurara kafin a binne. Mutane kan ɗauka Bluetooth ya raba su da wannan matsala, amma akwatin Bluetooth da ke shan wutar mota yana kuma soke a ramin AUX yana iya kawo fiton nan daidai wa daida. Ƙarar da ke yin tas-tas-tas tana sauri da inji daga fulogogin inji ko wayoyinsu take, ba daga girkin ba. Yana da kyau tun farko igiyar sauti ta bi gefe guda, ta wuta ta bi wani, in kuma dole su gamu su gitta juna, kada su jera.

Mazauni

Wuri ake fara zaɓa kafin siffa. Kada na'urar ta tare gilashin gaba, kada ta zauna a kan murfin jakar iska ko hanyar da jakar za ta bi in ta fashe, kada ta hana hannu kaiwa ga giya ko maɓallin fitilun haɗari. Direba ya iya taɓa ta ba tare da bayansa ya rabu da kujera ba. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kallon allo na daƙiƙa biyu tafiyar mita 56 ce ido a rufe. Wannan ne ya sa girkin da ya bar maɓallan sitiyari suna aiki ya fi wanda ya fi shi kyan gani, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Najeriya tana hukunta mai amfani da waya yana tuƙi.

Sai zafi. Apple ya ƙayyade wa na'urorinsa aiki tsakanin digiri 0 da 35, alhali saman dashbod na motar da aka ajiye a rana yana iya haura digiri 70. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda iskar waje kanta ke wuce 40 a watan Afrilu, saman dashbod ba wurin ajiye batirin lithiyam ba ne: yana kumbura, ya ɗaga allo, wani lokaci ya kama wuta. Maƙalin da ke tsotsar gilashi yana saki da zafi. Mai kama bakin iyakwandishan yana sanyaya na'urar, amma nauyinta kan karya fikafikan bakin. Wuraren da suka fi su ne na ƙasa, cikin inuwa: mazubin tokar taba, aljihun da ke ƙarƙashin rediyo, ko akwatin tsakanin kujeru.

Mazauni na musamman gida biyu ake yin sa. Na farko faranti ne da ke zaune daram a motar, na biyu maƙali ne daidai jikin na'urar, wanda noti biyu kawai ke riƙe shi a kan farantin. Ran da aka sauya na'ura, maƙalin kaɗai za a sake. Da kwali ake farawa. A yanka shi, a gwada a gurbin, a rage, a sake gwadawa har ya zauna ba tazara, sannan a zana shi a kan fallen robar ABS mai kaurin milimita 3. Ana yanka ta da ƙaramin zarto, a gyara gefe da samfefa. Inda ake son lanƙwasa sai a hura mata zafi a hankali har ta yi laushi, a kwantar da ita a kan guntun katako da aka sassaƙa daidai girman na'urar, a riƙe har ta huce. Ba a lanƙwasa ta a jikin na'urar kanta. A bar tazarar milimita 1 ko 2 a kowane gefe don shimfiɗar ciki, ƙyalle mai laushi ko siririyar fata, wadda ke hana karce da kaɗawa. Masu ɗinkin kujerun mota suna iya lulluɓe bayan da ledar da ta dace da launin dashbod, har mai kallo ya ɗauka daga kamfani aka zo da shi. Wanda zai buga maƙalin da injin ɗab'i na 3D ya guji robar PLA, domin tana yin laushi tun daga wajen digiri 60, ABS kuwa sai ta kusa 100. A ɗaure farantin da notocin da motar ta zo da su. Gam ba ya jure zafi da gargada.

Ramukan USB da na sauti sun fi kyau a kan murafan maɓallan da kamfani ya bari ba kowa, waɗanda ake gani a jere kusa da sitiyari ko giya. Ana ɓalle murfin, a huda shi a kan tebur, a mayar. In an yi kuskure, murfi ɗaya aka ɓata, ba dashbod ba. Ramin ya kalli gefe ko ya ɗan sunkuya, kada ya kalli sama, saboda ƙurar hunturu da ruwan da kan zube, kuma mai murfin roba ya fi. Tsohuwar iPod Classic tana da faifai mai juyawa a ciki, don haka tana son shimfiɗar soso saboda gargada, kuma ba ta son maƙalin maganaɗisu.

Tsarin aikin da gwaji

Bayan an tabbatar da lambar rediyo, a kashe mota, a kwance kan batir na nagetif, a jira aƙalla minti 3 don wutar da ke ajiye a tsarin jakar iska ta sauka. Wayoyi da fulogogi masu rigar rawaya a bayan dashbod na jakar iska ne, ba a gwada su, ba a ratsa su. Da cokulan roba ake ɓalle murafan dashbod, sukudireba tana barin tabo. Robar tsohuwar mota da ta sha rana takan yi gautsi, sai an bi ta a hankali daga inda maƙalanta suke. Notocin kowane murfi a zuba su wuri guda. Igiyoyi su bi jikin wayarin ɗin asali, a ɗaure su da maɗaurin roba duk bayan taƙi ɗaya, nesa da sandar sitiyari da fedoji da layin da kujera ke gudu a kai. Akwatunan da aka ƙara a naɗe su da soso don kada su riƙa ƙwanƙwasa.

Kafin a mayar da ko murfi ɗaya ake gwaji. A fara soke duk fulogogin da aka zare, domin wasu motocin suna kunna fitilar gargaɗin jakar iska idan aka murɗa makulli alhali wani fulogi na cire, kuma ba ta mutuwa sai da kwamfuta. A mayar da batir. A karkatar da sauti hagu, dama, gaba, baya, a tabbatar kowace lasifika tana gurbinta. Idan ganga ta fi kauri sa'ad da aka karkatar gefe guda fiye da a tsakiya, an juya wayoyin wata lasifika. A sa muryar na'urar a kashi uku cikin huɗu, a kashe duk wani ƙarin ganga da ke cikinta, a riƙa sarrafa murya daga rediyo, domin ƙure ta yana fasa sauti kuma fasasshen sauti ke kashe ƙananan lasifikoki. A tayar da inji a saurari fito, a kunna fitilu da iyakwandishan a sake saurara. A zare makulli a ga cajin ya mutu. Mai ma'auni ya auna abin da motar ke sha bayan ta yi barci, wanda a yawancin motoci bai kamata ya wuce miliamfiya 50 ba.

Idan komai ya kama amma filash ya ƙi karantuwa, galibi laifin ba na girki ba ne. Tsofaffin rediyoyi da akwatunan bakin CD tsarin FAT32 kawai suka sani, da yawansu ba sa ɗaukar abin da ya wuce gigabait 32, kuma MP3 suka fi ganewa. Saƙon murya na WhatsApp tsarin Opus ne, sai an juya shi zuwa MP3, abin da masu tura waƙoƙi a kasuwa ke yi cikin ɗan lokaci. MP3 mai kilobit 128 yana cin kusan megabait 1 a minti, don haka filash mai gigabait 8 yana ɗaukar sama da awa 130. Karatu da wa'azi ba sa bukatar fiye da haka, kiɗa kuwa ya fi daɗi daga 192 zuwa sama. A sa lamba a farkon sunan kowane fayil, 001, 002, 003, don surori ko darussa su zo a jere. Gajeren filash wanda bai fi ƙumba ba ya fi dogo, domin gwiwa ba ta karya shi.

Bayan an rufe dashbod, a haɗa duk abin da aka cire, tsohon rediyo da murafai da notoci, a miƙa wa mai motar. A kuma rubuta a 'yar takarda wane fiyus aka ɗebi wuta, ƙarfin wanda aka ƙara, inda nagetif ya sauka, da inda aka ɓoye kowane akwati, a ajiye ta tare da takardun mota. Mai wayarin da zai buɗe dashbod ɗin bayan shekara 5 da wannan takarda zai fara aiki.